Tagar gilashi biyu a Katsina: raɓar da ke kwanciya a waje ba ita ce matsalar ba

Masu tambayata kan tagogin nan masu gilashi biyu, waɗanda masu alminiyam ke ce ma dabul gilezin, ga abin da na gani bayan sun ga damina sun ga hunturu sun kuma sha zafin Afrilu a gidana. Kayan dai suna da kyau, aikin sawa ne ya so ya ɓata mani rai, sannan ruwan nan da ke kwanciya a bayan gilashin da safe, wanda ya sa wasu ke cewa an sayar mani da jabu, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron yana wani wuri daban kuma shi ma na gan shi da idona.

Gidan bene ne a wajen Ƙofar Ƙaura, bakin titi, falon sama da ɗakin kwana duk yamma suke kallo, to daga azahar rana ta juyo shikenan har la'asar sakaliya ba ka iya zama kusa da taga, ga ƙarar keke napep da hon ɗin mashina har tsakar dare, ga ƙura. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 janareto ya zama sai dole, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, sola kau in ka ɗora mata esi batir ba ya kai ka asuba sai in ka tara su da yawa. Shi ne na ce bari in gwada hana zafin shigowa tun daga taga, maimakon in riƙa biyan kuɗi ina korarsa bayan ya shigo. Sama kaɗai muka sa, ƙasa yana nan da tagoginsa masu ja na gilashi ɗaya irin na kowa, kuma wannan ya taimaka mani don kullum ina da abin kwatantawa a gida ɗaya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gilashi biyu ne aka haɗa aka bar rata a tsakaninsu, galibi milimita 12 zuwa 16, a kewayen ratar akwai siririyar sandar alminiyam mai ƙananan huji cike da wasu ƙwayoyi masu shanye danshi, sai a liƙe gefen gaba ɗaya da baƙin gam ta yadda iska ba ta shiga ba ta fita. Mai tsada ana ɗura masa iskar argon a ratar, saboda ba ta ɗaukar zafi ta wuce da shi kamar iskar da muke shaƙa, sannan ɗaya daga cikin gilasan yana da wani shafi na ƙarfe siriri ƙwarai da ido ba ya gani, shi ne ake rubuta Low-E a sitikar. Akwai lambar da ake auna yawan zafin da ke ratsa gilashi, lambar U, iya ƙanƙantarta iya kyan gilashin. Gilashi ɗaya wajen 5.8 yake, biyu mai iska kawai a tsakani wajen 2.8, mai shafi da argon yana saukowa wajen 1.1 ko 1.2, mai gilashi uku da ake sawa a ƙasashen sanyi irin su Jamus da Suwidin yana yin ƙasa da 1. Namu a takardar da suka bani mai gilashi biyu ne, mai shafi da argon.

To maganar raɓa. Watan Agusta ne ta fara, lokacin marka, musamman in an yi ruwa da yamma sannan gari ya washe da dare taurari suka fito babu iska. Ka tashi sallar asuba ka dawo gari ya fara wayewa ka ɗaga labule, ba ka ganin titi, gilashin ya yi fari dishi-dishi. Ka sa hannu ta ciki a bushe yake ƙayau, sai ka buɗe tagar ka shafa ta waje sannan ka ji ruwa. Ka sauko ƙasa kuma tagogin da ba su kai rabin kuɗinsa ba suna nan tas. Hajiyarmu da ta kwana gidan ta gani cewa ta yi, "Kai yanzu wannan ne ka zuba ma kuɗi, tagar da ke zufa tun ba a fara aikin gona ba?" Na ce Hajiya ki bari rana ta ɗaga ki gani. Kafin ƙarfe takwas da rabi ko tara ya bushe da kansa, kuma da a ce gabas yake kallo da ya riga haka bushewa.

Dalilin ba wani abu mai wuya ba ne. Iska tana ɗauke da danshi, kuma iya sanyinta iya ƙarancin danshin da za ta iya riƙewa, duk abin da ya yi sanyi ya sauka ƙasa da wani mataki sai iskar da ta taɓa shi ta sauke masa ruwa. A ce zafin iska digiri 25 ne danshinta kashi 90 cikin 100, matakin nan yana wajen digiri 23, kenan digiri biyu kacal gilashi zai sauka ya jiƙe. Da asubar Agusta a Katsina kuwa zafin kan sauko wajen 21 ko 22 iska ta cika da danshi taf, ko digiri ɗaya ya isa. Sannan duk abin da ke kallon sararin sama da dare in babu gajimare yana sakin zafinsa zuwa sama har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, shi ya sa motar da ta kwana a fili za ka tarar da gilashinta jiƙe amma wadda ta kwana ƙarƙashin rumfa a bushe. Abin da ke hana tagar gilashi ɗaya yin haka shi ne zafin ɗaki, don bulo da siminti sun sha rana wuni guda suna ta sakin zafi cikin dare, zafin nan yana ratsa gilashin cikin sauƙi ya ɗumama shi. Mai biyu kau gilashin wajen an raba shi da ɗakin, babu abin da ke ɗumama shi, sai ya huce ya tara raɓa. Ga kuma bene, babu katanga babu bishiyar darbejiya da ta tsare masa sama, na ƙasa su katangar gida da baranda sun rufe masu rabin samaniya.

Wani abu da na lura da shi wanda ko mai shagon da ya sayar mani da tagogin bai taɓa kula ba sai da na nuna mashi hoto, yadda ruwan ke kwanciya a falo daban da na ɗakin kwana. A falo ba ma kunna esi da dare, ɗakin yana da ɗumi, sai ka ga tsakiyar gilashin ya yi fari amma gefe-gefe kamar faɗin yatsa biyu ko uku a bushe, an zagaye shi kamar da rula. Sandar alminiyam ɗin nan ta gefe ce ke satar ɗumin ɗakin ta kai waje. A ɗakin kwana kuma in esi ya kwana a kunne a 20 abin juyewa yake, gefen da firam ɗin su ke fara jiƙewa har ruwa na gangarowa, saboda yanzu sanyi ne a ciki kuma ƙarfen ya fi gilashin saurin yin sanyi. Wannan na biyun ba yabon taga ba ne, yana nuna maka inda kuɗin wutarka ke zurarewa. Kuma duk mai esi da gilashi ɗaya ya san irin wannan zufar da damina, tasu ma ta fi yawa, gilashin gaba ɗaya ke jiƙewa.

Shi ya sa ban cika yarda da maganar da masu sayarwa suka haddace ba, wai raɓar waje shaidar kaya mai kyau ce. A Ingila da makamantanta inda ake ɗumama ɗaki da hita waje na sanyi maganar tana da ƙarfi, can ma an fi ganinta ne a farkon shigowar sanyi da bayan fitarsa. A nan rabin gaskiya ce. Ɗakin da babu esi, eh, raɓar tsakiya tana nuna gilashin yana tsare zafi. Ɗakin da esi ke aiki, jiƙewar waje ba ta tabbatar maka da komai, ko gilashin banza zai yi. Kar wani ya nuna maka hoton taga jiƙe ya ce ka ƙara kuɗi.

Da hunturu ya shigo ban ƙara ganin ko ɗigo ba, ga sanyi har mutum na neman bargo biyu amma gilashi a bushe. Iskar ce babu ruwa a cikinta, in zafinta 15 ne danshi kashi 30, sai gilashi ya sauka ƙasa da sifili kafin ya tara raɓa, mu kau ba mu kai nan. Kenan duk abin na ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba, ɗan burbushi a farkon kaka, kuma ba kullum ba, daren da hadari ya rufe sama ko ake iska ba ya yi. Akwai gilashin da aka yi musamman don wannan, Pilkington suna da shi, ana sa masa shafi a fuskar waje don kar ya huce sosai. Ni dai ban ga dalilin da mutumin Katsina zai biya kuɗin wannan ba saboda safiyar wata biyu. Abin da ya fi damuna da raɓar shi ne in ta haɗu da ƙurar titi ta gangaro ta bushe sai ta bar zane-zane, a bene kuma wankin waje aiki ne. Tsumma mai laushi da ruwa ya isa, kar a sa soson ƙarfe, ruwan bohol ɗinmu kuma yana barin farin tabo in ba a goge shi ya bushe ba.

Yanzu ga wanda ya kamata a ji tsoro. Taga ɗaya a falo, ta gefen kudu, wajen ƙarshen damina na ga hazo a ƙasanta wanda rana ta fito ta take bai tafi ba. Na goge ciki yana nan, na goge waje yana nan. Tsakanin gilasan biyu yake, inda hannu ba ya kaiwa. Wannan ma'anarsa gam ɗin gefe ya buɗe, iskar damina ta shiga, ƙwayoyin shanye danshin sun ƙoshi, argon ɗin da aka biya kuɗinsa ya kama gabansa. Ba a gyara shi, sai dai a cire a sa wani. Da muka duba da wani tsohon mai aikin alminiyam da na sani sai ga dalili, akwai ƙananan huji a ƙasan firam da aka yi don ruwan da ya shiga ya fita, yaran da suka yi aikin sun bi su duk sun toshe da silikon wai don kar ƙura ta shiga, sannan a wannan tagar ba su sa 'yan robobin da gilashi ke zama a kansu ba, suka ɗora shi kai tsaye kan ƙarfe. Kenan duk ruwan sama da raɓar da ta gangara cikin firam take taruwa, gindin gilashin ya yi ta zama cikin ruwa har gam ya saki. Ka ga ita raɓar ba ta da laifi amma in aka toshe mata hanya tana iya taya ɓarna.

Na je shagon, ba zan faɗi suna ba don daga ƙarshe sun yi abin da ya kamata, amma sai da aka ja. Farko yaron shagon bai ma bari na gama magana ba ya ce, "Alhaji ai wannan raɓa ce, haka yake yi, alamar orijina ce." Na ce mashi ɗan samari raɓar da na sani tana bushewa da hantsi, wannan ta kwana ta wuni tana nan, kira mani maigidanka. Shi maigidan mutumin kirki ne, dattijo, da ya ga bidiyon da na ɗauka ina goge ciki da waje ya ce, "Malam ka yi haƙuri, wannan namu ne, in sha Allahu za a canza." To daga in sha Allahu zuwa canzawa an ɗauki lokaci, saboda ba a nan ake haɗa gilashin ba, awo suke ɗauka su tura Legas a haɗo a ɗoro a mota, kuma ba a yanka shi a rage in ya zo, in awo ya kuskure da ɗan kaɗan sai sabo. Kullum ka kira a ce kaya na hanya. Bai karɓi ko kwabo ba dai, ya kuma sa aka buɗe hujin duk sauran tagogin aka duba robobin. Abin da ya cece ni rasit ne, don tun ranar biya na sa ya rubuta da hannunsa cewa in hazo ya fito tsakanin gilashi cikin lokacin garanti shi zai canza. Da baki kawai muka yi da ban san yadda za ta kaya ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi tun a shago. Ka kunna ashana ko laita kusa da gilashin, za ka ga wutar ta fito sau huɗu a ciki, don fuska huɗu ce. In akwai shafin nan ɗaya daga cikin huɗun launinta zai bambanta da sauran, in duk iri ɗaya ne akwai alamar tambaya. Kuma inda shafin yake yana da muhimmanci, a ƙasa mai zafi irin tamu ana son shi a fuskar ciki ta gilashin waje don ya tare zafin rana tun kafin ya shiga ratar, masu sanyi su ne ke sa shi a gilashin ciki don su riƙe ɗumin ɗaki. Taga ɗaya in aka juya ta baibai an rage mata amfani, ka tsaya a kansu ranar sawa ka ga sitikar da ke nuna waje tana waje. Argon kam babu yadda za ka gane da ido, amana ce kawai, ko wanda aka haɗa da kyau ma yana ɗan zurarewa a hankali, ƙa'idar Turai ta ce kar ya kai kashi 1 cikin 100 a shekara.

Zafi fa, ya rage? Ya rage sosai amma a fahimce ni. Gilashi biyu zalla marar shafi ba ya hana rana, farin gilashi ɗaya yana barin wajen kashi 85 na zafin rana ya wuce, biyu zalla wajen 75, ka ga bambancin ba wani abin a zo a gani ba ne. Lambar U ɗin nan da suke ta nunawa zafin iska take magana a kai, ba hasken rana da ke dukan taga kai tsaye ba, mu kuma a Afrilu da ake haura digiri 40 dukan ranar yamma shi ne babban abokin gaba. Saboda haka ka tambayi mai shafin tare rana musamman. Namu yana da shi, da la'asar kana iya tsayawa jikin tagar, gilashin ciki ɗumi-ɗumi kawai, esi yana kai ɗakin inda aka saita shi ya huta maimakon ya yi ta gurnani ba tsayawa. Amma firam ɗin in ka taɓa shi sai ka janye hannu. Alminiyam ne zalla, babu robar da ake sawa a tsakiya ta raba ƙarfen ciki da na waje, kuma babu wanda ya ce mani akwai irin wannan a lokacin ciniki. Nan na rage masu maki, a sayar maka da gilashi mai lambar U 1.2 a saka shi cikin ƙarfen da ke shigo da zafi ta ko'ina. Kuma in rufin gidanka kwano ne da silin marar komai a sama, fara da can, taga ba za ta yi maka maganin zafin da ke saukowa daga bisa ba.

Ƙara da ƙura kau nan ne na fi jin daɗin kuɗina, wallahi ranar farko da aka rufe tagogin sai da na ji kamar an ɗauke titin. Hon yana shigowa amma can nesa, manyan motoci ne dai har yanzu ana jin rugugin su. Namu gilashin waje milimita 6 ne na ciki 4, kauri daban-daban ya fi tare ƙara a kan iri ɗaya. Amma rabin aikin ba gilashin ne ya yi ba, tagar mai buɗewa ce mai roba a kewaye da ke matsewa in ka murɗa hannun, ba mai ja ba. Mai ja dole a bar mata 'yar kafa ta gudu, buroshin nan na gefe ba ya hana ƙurar hunturu. Duk wanda zai sa gilashi biyu a firam mai ja gara ya riƙe kuɗinsa.

Matsewar nan tana da nata. Uwargida in ta sa turaren wuta a falo sai ya wuni bai fita ba, in aka shanya kaya a ɗaki da damina ko aka bar ƙofar banɗaki a buɗe bayan wanka da ruwan zafi sai ɗakin ya yi nauyi, wannan danshin na cikin gida ne ba ruwan taga, a buɗe a sha iska da safe. Wanda ba wasa a ciki shi ne kaskon garwashi da hunturu. Gidajenmu na da iska na shiga ta ko'ina shi ya sa ake sha da ƙyar, ɗakin da aka matse haka in aka kwana da gawayi a ciki iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa. Na hana shi gaba ɗaya a sama, janareto ma na matsar da shi daga ƙarƙashin tagar.

Kuɗi ba zan rubuta lamba ba don farashin da na saya ba shi ne na yau ba, kayan dala suke bi, amma a lokacin taga ɗaya ta haura kuɗin biyu na masu gilashi ɗaya, ban da baglari da net ɗin sauro da sai an sake masu tsari tunda tagar waje take buɗewa. Tana da nauyi kuma, ka duba hinjis ɗin da za su sa, ƙananan nan na kasuwa za su saki.

Wanda ke da ɗakin da esi ke aiki kullum, ko ɗaki mai kallon yamma, ko gida a bakin babban titi, zan ce ya sa, a waɗannan ɗakunan kaɗai. Wanda fanka yake amfani da ita yana kwana taga a buɗe don iska ta shigo, bai da abin da zai samu, tagar da ke buɗe ko gilashi goma ne da ita ɗaya take da marar gilashi. Mai shagon ya kira ni kwanaki yana tambaya ko za a yi na ƙasa, na ce mashi Alhaji ƙasa katanga ta tsare mata rana ta tsare mata titi, a bar ta haka, in dai ya samo firam mai robar tsakiya ya neme ni mu yi maganar canza na ɗakin kwana.